Yadda Ake Auna Kunnen Ɗalibi a Darasin Turanci: Jagora ga Sabon Malami

Idan Bahaushe yana so ya gane matsayinka a wani yare, ba ya tambayarka ko ka iya rubuta shi. Cewa yake: "Kana jin Turanci?" ko "Kana jin Larabci?" A wurinmu, jin yare shi ne iya shi. Amma ka shiga makarantunmu na Kano, daga cikin Birni har Sabon Gari, ka duba abin da muke aunawa a ƙarshen zango: nahawu, insha'i, auna fahimta a rubuce. Kunnen da muka ce shi ne asali, babu mai waiwayarsa. Ko takardar furuci ta WAEC, mai tambayoyi 60, a Nijeriya da fensir ake amsa ta, ba a kunna wa yaro ko murya ɗaya. Sai ya gama sakandare, ya zauna a aji a Jami'ar Bayero ko ya shiga intabiyu, ko ya nufi IELTS, jarrabawar Turanci ta masu neman karatu ko aiki a ƙasar waje, inda za a kunna masa magana ta kusan minti 30 sau ɗaya tak ya amsa tambayoyi 40, a nan ne zai gane ba a taɓa gwada kunnensa ba.

Na shafe shekaru ina shirya gwajin sauraro a azuzuwan ƙaramar sakandare da babba, a ajin da yara suka kai 80, wani lokaci babu wuta, wani lokaci babu ko takarda. Abin da zan shimfiɗa maka nan shi ne yadda nake yi. Ka riƙe abu ɗaya a ranka tun daga farko: gwajin sauraro kunne yake aunawa. Duk abin da ya sa yaro ya faɗi saboda rubutunsa, ko karatunsa, ko ƙarar fanka, to ya ɓata maka awo.

Kayan aiki

Waya mai ɗaukar murya. Ba sai mai tsada ba.

Lasifika ƙarama mai Bluetooth, irin wadda ake samu a kasuwar waya ta Farm Centre ko titin Beirut. Kada ka saya sai ka gwada ta da magana. Masu shago da kiɗa suke gwada maka, kuma lasifikar da ke da daɗin kiɗa sau da yawa tana dulmiyar da maganar mutum. Ka je da muryar labarai a wayarka, ka kunna, ka ja da baya taku goma ka saurara.

Fawa banki cike da caji, da igiyar haɗa waya da lasifika don ranar da Bluetooth ya ƙi.

Takardar amsa ga kowane ɗalibi. In babu kuɗin fotokwafi, allo da alli sun wadatar, yara su yage falle ɗaya daga littafinsu.

Rubutaccen abin da za a saurara, kwafi biyu, ɗaya a hannunka ɗaya a ajiye.

Agogo, da wani littafi na musamman da za ka riƙa zuba sakamako a ciki. Littafin nan daban yake da rijistar maki ta makaranta, za ka ga amfaninsa a mataki na 7.

Mataki na 1: Yanke abin da kake son aunawa

Sauraro ba abu ɗaya ba ne. Akwai bambance sauti, wato yaro ya ji bambancin "pan" da "fan". Akwai kama wani takamaiman bayani daga cikin magana, kamar lokaci ko farashi ko suna. Akwai kama jigon maganar gaba ɗaya. Akwai bin umarni. Sai kuma na sama da su duka, gane abin da mai magana yake nufi bai faɗa ba: fushi yake, ko roƙo, ko ba'a.

Kuskuren sabon malami shi ne ya cusa duka biyar ɗin a gwaji ɗaya na minti 20. Ka ɗauki biyu. A aji ɗaya na ƙaramar sakandare nakan fara da bin umarni da kama lambobi. Jigon magana da manufar mai magana sai an kai babbar sakandare. Ka rubuta wa kanka jimla ɗaya a saman takarda, misali: "Ina so in san ko za su iya kama lokaci da farashi daga sanarwa ta minti ɗaya." Duk tambayar da ba ta amsa wannan jimla ba, soke ta.

Game da sauti, ka san inda kunnen Bahaushe yake tuntuɓe. Hausa ba ta bambance "p" da "f", shi ya sa "pull" da "full" suke zama ɗaya. Ba mu da "v", sai "vote" ya koma "boat". Sautin "th" yakan zame mana "s" ko "z", sai "think" ya yi kama da "sink". Ba ma son baƙaƙe su yi cunkoso babu wasali a tsakani, wanda shi ne ya mayar da "bread" burodi. A gefe guda muna da tamu baiwar: mun saba da dogon wasali da gajere, kuma yarenmu mai karin sauti ne, don haka yaranmu suna saurin kama hawa da saukar murya in an nuna musu. Ka auna inda matsalar take, kada ka ɓata tambaya a kan abin da kowa ya iya tun daga gida.

Mataki na 2: Zaɓi abin da za su saurara

A nan yawancin gwaje-gwaje suke lalacewa, don haka zan ɗan daɗe.

Na farko, magana ake so, ba karatu ba. In ka buɗe littafin karatu ka ɗauko sakin layi ka karanta musu, rubutu ka karanta da ƙarfi. Rubutu yana da dogayen jimloli, ba ya maimaici, ba ya numfashi. Maganar baki gajeru ce, tana komawa baya, tana gyara kanta. Ka rubuta naka da kanka kamar yadda mutum zai faɗa: sanarwar shugaban makaranta a asambuli, ciniki tsakanin mai shago da mai saye a Kantin Kwari, mutum yana kwatanta wa baƙo hanya daga Ƙofar Nassarawa zuwa Gidan Makama, likita yana gaya wa uwa yadda za ta ba yaro magani.

Na biyu, abin ya zama sananne amma ba wanda za a iya cinta ba. Na taɓa kunna wa aji labarin Bayajida da Turanci, ina murna na samo abin da ya shafe su. Kusan kowa ya cinye. Daga baya na gane ba su saurara ba, sun dai ji sunan Daura da rijiya da maciji, sai suka amsa daga abin da suka sani tun firamare. Wuri ya zama nasu, amma bayanin ya zama sabo. In sanarwar tashar mota ce, kai za ka ƙirƙiri lokacin tashi da kuɗin mota, ta yadda babu hanyar saninsu sai ta kunne.

Na uku, tsawo da sauri. Ga masu farawa, daƙiƙa 40 zuwa minti ɗaya ya isa. Babbar sakandare, minti biyu, in ya yi yawa uku. Gara guntaye uku daban-daban da dogo ɗaya, domin yaron da ya ɓace a farkon dogon labari ya ɓace ke nan har ƙarshe, kuma abin da ka auna a wurinsa ƙarfin riƙo ne, ba ji ba. Mai magana da Turanci a hira ta yau da kullum yakan yi kalmomi wajen 150 a minti. Ni nakan fara da 100 zuwa 120, in riƙa ƙarawa zango bayan zango. Amma ka lura: rage sauri ba ya nufin ka riƙa tsinka kalmomi ɗaya bayan ɗaya kamar mai ƙirga kuɗi. Ka faɗi jimla yadda ake faɗinta, ka tsawaita shirun da ke tsakanin jimloli.

Na huɗu, muryar wa? Fara da muryar ɗan Nijeriya, domin ita yaro zai fi ji a asibiti da banki da jami'a. Ka roƙi abokan aikinka biyu, mace da namiji, kuma in akwai malami Bayarabe ko Ibo a makarantar, ka sa shi, don Turancinsa daban yake sauka a kunne da namu. Muryarka kai kaɗai ba ta isa ba. Yaranka sun haddace lafazinka, suna iya jin ka su kasa jin kowa. Idan sun yi ƙwari sai ka kawo musu na waje. Shirye-shiryen koyon Turanci da Muryar Amurka ta naɗa, waɗanda aka fara a 1959, an karanta su a hankali da sauƙaƙan kalmomi, sun dace da matakin tsakiya. Labaran BBC na Turanci sai 'yan ajin ƙarshe.

Mataki na 3: Ɗauki muryar

Nemi ɗaki mai labule ko kafet ko katifa, kashe fanka, rufe taga. Ajin da babu kowa a ciki shi ne mafi munin wuri, saboda amsa-kuwwa. Ni da sassafe nake yi, kafin 'yan adaidaita sahu su cika titi. Waya ta yi nisan taƙi ɗaya daga baki, a ɗan karkace don kada iskar baki ta riƙa bugunta.

Ka naɗi komai a fayil ɗaya: umarni, shirun karanta tambayoyi, maganar karo na farko, shiru, karo na biyu, shirun ƙarshe. In ka yi haka, ranar gwaji sau ɗaya za ka danna, kuma aji A da aji C za su sami abu iri ɗaya daidai wa daida. In kana tsayarwa da hannu, ba ka sani ba za ka ba ajin da kake so ƙarin daƙiƙoƙi.

Idan babu lasifika ko waya, karanta da bakinka, babu laifi. Sai dai ka sa alama a takardarka duk inda za ka tsaya da yawan daƙiƙoƙin tsayuwar. Tsaya wuri ɗaya. Kada ka ɗaga murya a daidai kalmar da take amsa, kada ka kalli yara kana gyaɗa kai. Wannan ya fi yadda kake zato wuya, domin zuciyar malami tana son yaransa su ci, sai ka ji kanka kana jan "thiiirty" ba ka shirya ba.

Mataki na 4: Tsara tambayoyi

Ga dabarar da ta fi yi mini amfani. Ajiye rubutun, ka saurari muryar kamar ɗalibi, ka rubuta abin da ya zauna maka. Ka sa wani malami ya yi haka shi ma. Abin da ku biyu kuka kama, daga nan za a ciro tambayoyi. In kana kallon rubutu kana tsara tambaya, za ka tambayi ƙananan abubuwan da ido ke gani amma kunne ba ya riƙewa, irin launin jakar da aka ambata sau ɗaya a wuce.

Tambayoyi su bi jerin maganar, ta farko daga farko, ta ƙarshe daga ƙarshe. Ka bar tazara tsakanin amsa da amsa. In amsoshi biyu suna cikin jimla ɗaya, yaro yana rubuta ta farko ta biyu za ta wuce shi. Turancin tambayar ya fi na maganar sauƙi. A ƙananan azuzuwa ina rubuta umarni da Hausa, kuma a tambayar jigo ina yarda yaro ya amsa da Hausa. Wasu malamai suna ganin wannan sakaci ne. Ni ban yarda ba. Yarinyar da ta saurari sanarwa da Turanci ta rubuta mini "an ɗage jarrabawa zuwa Laraba saboda malamai suna da taro", ta nuna mini ta ji sarai. Iya mayar da shi Turanci wani awo ne daban, da ranarsa.

Nau'o'in da nake amfani da su kaɗan ne. Bin umarni da jiki ko da zane: "zana da'ira, sa alama a hagunta, rubuta 14 a ƙarƙashi". Wannan ba ya buƙatar rubutu ko kaɗan, kuma yana saurin fallasa wanda bai ji ba. Sai taswira, inda ka zana tituna a allo su kwafa, su bi kwatance da fensir su sa alama inda aka isa. Sai cike gurbi a jadawali, kalma ɗaya ko lamba ɗaya a kowane gurbi. Sai zaɓi tsakanin A da B da C, gajeru. Sai shifta, wadda iyayenmu suka sha a makaranta kuma har yau tana da amfani, muddin ka karanta ta gaɓa-gaɓa mai ma'ana, ba kalma-kalma ba.

"Gaskiya ko ƙarya" ina gudunta, don wanda bai ji komai ba ma yana iya cin rabi da cinta. In dole ne, ka ƙara cewa ya gyara wadda take ƙarya.

A tambayar zaɓi, amsoshin da ba daidai ba su fito daga cikin maganar. Misali mai magana ya ce: "The bus to Zaria will leave at eight thirty, not eight fifteen." Zaɓin ya zama 8:15 da 8:30 da 8:13. Wanda ya tsinci lamba kawai zai faɗa wa ta farko, wanda bai bambance "thirty" da "thirteen" ba, shi kuma zai ɗauki ta uku. Ka ga kowace amsa ta kuskure tana gaya maka wani abu game da kunnen yaron.

Kafin ka yarda da tambayoyinka, ba wani ɗalibi na wani aji su ba tare da ka kunna masa komai ba. In ya ci fiye da abin da cinta za ta ba shi, tambayoyinka suna yoyo, koma ka toshe. Bayan haka ka gwada cikakken gwajin a kan yara biyar, mai ƙoƙari da matsakaici da mai rauni. Minti 15 zai ɗauke ka, kuma a nan za ka gano tambayar da take da amsa biyu.

Tambaya 10 zuwa 15 sun isa gwajin tsakiyar zango. Na ƙarshen zango, 20.

Mataki na 5: Ranar gwaji

Zaɓi darasin safe. A watannin Maris da Afrilu, bayan sha biyun rana babu yaron da yake da kunne a Kano, zafi ya cinye shi. Ka kauce wa lokacin tara, da lokacin da ajin maƙwabta suke karatun baki ɗaya, da darasin ƙarshe na ranar Juma'a. In ana tayar da janareta kusa da ajinka, ka roƙi a kashe na minti 20 ko ka canja aji.

Ɗora lasifika a kan wani abu mai tsayi a tsakiyar gaba, sama da kawunan yara. In tana kan tebur, 'yan layin gaba sun tare sautin. Kunna wata murya daban ta gwaji, ka taka da ƙafarka zuwa kusurwar baya ka ji. Kada ka tsaya a gaba kana tambayar "Kuna ji?", don za su ce "E, Malam" ko ba sa ji. Ka ce wa wani a baya ya maimaita maka abin da aka faɗa.

Ajin da ya haura 60, raba shi biyu in da hali, rabi su jira a wani wuri mai nisa. Idan babu hali, ka matso da 'yan baya su zauna a gefe, kuma ka yi takarda iri biyu masu tambayoyi ɗaya amma jerin A da B da C a juye, don yaran da suke uku ko huɗu a benci ɗaya ba sa rasa leƙe.

Yi musu misali ɗaya tare a allo. Ba su minti ɗaya su karanta tambayoyi kafin a kunna, domin a rayuwa ma mutum yakan san abin da yake nema kafin ya kasa kunne. Kunna sau biyu. A ajin ƙarshe, musamman masu niyyar jarrabawar waje, nakan sa kashi ɗaya da ake ji sau ɗaya kawai, kuma ina sanar da su tun mako guda kafin ranar.

Ka gaya musu da Hausa, a fili: "In wata ta wuce ka, bar ta, kama ta gaba." Tsoro yana toshe kunne fiye da jahilci. Ajiye bulala a ofis ranar nan. Kuma da zarar ka danna, ka yi shiru, kada ka riƙa zagaye da takalmi mai ƙara.

Mataki na 6: Ba da maki

Rubuta amsoshin da za ka karɓa kafin ka buɗe takarda ta farko. Ƙa'idata: in na gane kalmar da yake nufi, kuma kuskuren bai mayar da ita wata kalma ba, ya ci. Wanda ya rubuta "Wensday" ya ji ranar. Wanda ya rubuta "fan" a inda aka ce "pan" bai ci ba, don nan kunne ne ya kuskure. A shifta, ƙirga kalmomin da ya kama a jere, kada ka cire maki don babban baƙi ko waƙafi.

Na taɓa koyar da wani yaro da yake taya mahaifinsa tsaron shago a Sabon Gari bayan an tashi. A jarrabawar rubutu kullum yana can ƙasa, har an sa masa ido a matsayin marar ƙoƙari. Ranar da muka yi gwajin sauraro na farko, shi ya zo na biyu a aji. Yini yake yana ciniki da mutanen Kudu, da Turanci da buroka, kunnensa ya buɗe tuni. Da na cire masa maki saboda haruffa, da na sake binne shi a inda yake, kuma da ban gane cewa abin da yake buƙata rubutu ne kawai ba.

Ka nemi shugabanka ya yarda a ware wa sauraro wani abu daga makin gwajin cikin zango, ko da 5 ne ko 10. Abin da ba shi da maki, yara ba sa ɗaukarsa da gaske, iyaye ma haka.

Mataki na 7: Karanta sakamakon

Yawancin malamai a mataki na 6 suke tsayawa, su zuba maki a rijista su rufe. Alhali nan ne ribar wahalar take.

Buɗe littafin nan naka. Jera lambobin tambayoyi, ka ƙirga mutum nawa suka ci kowace. A ce yara 60 ne. Tambayar da 57 suka ci ta yi sauƙi, ba laifi a bar irinta ɗaya ko biyu a farko don kwantar da hankali. Wadda 9 kawai suka ci, kada ka yi saurin zargin yara. Ware takardun 15 na sama da 15 na ƙasa. In na sama sun ci ta, na ƙasa sun faɗi, tambaya ce mai kyau mai wuya. In na sama ma sun faɗi, ko na ƙasa sun fi su cin ta, to laifin tambayar ne ko na naɗin muryar. Soke ta, ka mayar wa kowa makinsa.

Sannan ka duba wace amsar kuskure aka fi ɗauka. In rabin aji sun zaɓi 8:13, darasinka na mako mai zuwa ya fito da kansa.

Washegari ka koma aji da muryar, ka kunna daidai wurin da aka fi faɗuwa, ka tambaya: "Me kuka ji a nan?" Rubuta duk abin da suka faɗa a allo ba tare da dariya ba, sannan ka nuna musu rubutun. Za ka ji aji ya ɗauki "Au!" Abin da na fi gani shi ne kalmar da suka sani a ido amma ba su san ta a kunne ba, irin "listen" da "comb" da "island", saboda tun farko yadda aka rubuta su suke karanta su. Na biye da shi, kalmomin da suke manne wa juna a bakin mai magana, yadda "a cup of tea" yake fita kamar kalma ɗaya. Sai kalmar da ba su taɓa sani ba sam. Sai wanda ya ji komai amma kafin ya rubuta ya manta. Kowanne maganinsa daban: na farko a riƙa furta sabuwar kalma kafin a rubuta ta a allo, na biyu gajeriyar shifta a kai a kai, na uku ƙarin kalmomi, na huɗu koyon ɗaukar gajeren rubutu ana cikin magana.

Akwai wani abin da nake roƙonka kada ka yi wasa da shi. Yaron da yake ƙoƙari a rubutu amma kullum yana faɗuwa a sauraro, yana karkato kai gefe ɗaya, yana kallon bakinka, ko kunnensa yana zubar da ruwa, mai yiwuwa ba Turanci ne matsalarsa ba. Gwada shi da Hausa a keɓe, ka tsaya a bayansa ka yi magana a hankali. In da shakka, dawo da shi layin gaba, ka kira mahaifinsa cikin mutunci ka ba shi shawarar a kai shi sashen kunne a Asibitin Murtala ko na Malam Aminu Kano. Ka faɗa masa a keɓe, ba a gaban yara ba, don kada a laƙaba masa suna.

Mataki na 8: Bibiya a cikin zango

Gwaji ɗaya hoto ɗaya ne. Don ka san ko yaro yana koyo, sai ka auna a kai a kai. Ina ware minti biyar a farkon darasi sau ɗaya a mako: jimloli uku na shifta, ko lambobin waya biyu, ko umarni huɗu. Su musanya takardu su duba wa juna, ni kuma in karɓi na mutum goma kawai, ina juyawa, ta yadda kafin zango ya ƙare kowa ya ratsa hannuna.

A littafina kowane ɗalibi yana da matsayi, ba maki kawai ba. Dabarar na aro ta daga tsarin da Majalisar Turai ta fitar a 2001, mai matakai shida daga A1 zuwa C2, wanda yake bayyana ɗalibi da abin da zai iya yi. Na rage nawa zuwa huɗu: yana bin gajeren umarni in an maimaita, yana kama lamba da lokaci da suna, yana kama jigon magana ta minti biyu, yana bin baƙuwar murya a saurinta na asali. Wannan shi nake gaya wa uba in ya zo: "Alhaji, yanzu tana jin sanarwa ta kama lokaci da wuri, saura ta saba da muryar da ba ta sani ba." Ya fi masa ma'ana da in ce ta ci 6 cikin 10, kuma yakan tambaye ni abin da zai yi a gida. Sai in ce a bar ta ta saurari labaran Turanci na rediyo minti goma kullum, ta ba shi labarin da Hausa.

Bayan mako shida ka maimaita gwaji mai siffa ɗaya da na farko, tsawo ɗaya, sauri ɗaya, amma da sabuwar magana. In ka kunna tsohuwar, haddarsu za ka auna. Aikin gida ta saƙon murya a WhatsApp yana da kyau, sai dai kada ka sa masa maki, don ba kowane gida ne yake da babbar waya ko kuɗin data ba, kuma ba ka san wa ya saurara ba.

Ga malaman Larabci a Islamiyya da na Faransanci, matakan nan duka suna aiki, sautukan da za a sa wa ido ne suke canjawa. A Larabci ka gwada ha mai kauri da ha mai sauƙi, ain da hamza, sad da sin. Ka kuma lura da wani abu: yaron da ya yi tajwidi yakan bambance waɗannan sautuka tsaf, har ya maimaita maka jimla babu kuskure, amma bai san me ta ce ba. Saboda haka a ajin Larabci kada ka ba maimaitawa maki a matsayin fahimta. Ka ce masa da Larabci ya tashi ya rufe taga ta biyu ya dawo ya zauna a bayan abokinsa, ka ga inda ƙafarsa za ta nufa.